Fili uku, kuɗi ɗaya: ina za mu kafa gidan wasannin unguwa?

Mushe Idi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamar yadda muka tsaida ranar Lahadi a zauren mai unguwa nan Tawa, ga maganar fili na kawo nan don waɗanda ke waje su ma su sa baki. A asusu yanzu akwai miliyan 14 na CFA, kuma kowa ya san fiye da rabi daga 'yan uwanmu na Abijan ya fito, Allah ya saka. Abin da muke so: filin ƙwallo, dandamalin basket (ƙwallon kwando) da hand (ƙwallon hannu) saboda 'yan lakwal, wurin kokowa, sai ɗakin canza kaya da bayi. Filaye uku ne a gabanmu. Na farko kyauta ne daga Alhaji, eka ba na ce ba, hekta 3 cur, nan bayan unguwa gefen ƙorama, tafiyar minti biyar, shimfiɗe kamar faifai. Na biyu faƙon nan na kan tudu, hekta 5, na hukuma ne, sai mun rubuta mun nema, kuma ya kai kilomita biyu da rabi daga masallacin Juma'a. Na uku gonar gado ce, jigawa, hekta 2 da rabi, ta sayarwa. Don Allah a yi magana da ladabi, akwai iyayenmu a ciki.

Sani Abijan: Wa alaikumus salam Mushe. Ni ban ga abin muhawara ba. An ba ku fili kyauta, kusa da gida, ba tudu ba gangare, me ake jira? Mai raina kaɗan ɓarawo ne, balle wannan ba kaɗan ba ne. Mu nan kullum tambayarmu ake ina hoton aiki. A sa bulo kafin damina.

Nuhu Tela: Na goyi bayan Sani. Tun ina da gashi ake maganar taran ɗin nan, wato filin ƙwallo, yanzu kaina ya zama taran da kansa.

Koci Laminu: Nuhu kanka ma ba zai ci mutum ashirin da biyu ba, sai dai 'yan biyar-biyar. Amma kafin a yanke, Ramatu ta je filayen jiya, na gan ta da mashin wajen ƙorama. Mu ji ta bakinta tunda awon ƙasa aikinta ne.

Ramatu Topo: Ina gaida iyaye da yayye. Na je dukkan ukun, amma na fi daɗewa a na Alhaji don shi ne na fi so ya yi. Allah ya sani da murna na tafi. Ga abin da na gani, kowa kuma yana iya zuwa ya duba, ba sai da na'ura ba.

Ƙasar baƙar laka ce, ta tsattsage. Akwai tsagar da na zura hannuna har wuyan hannu ban taɓa ƙasa ba. Irin wannan laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta motse in ta bushe, shekara bayan shekara, shi ya sa gini a kanta ke tsagewa daga tushe ko da an zuba masa siminti mai yawa. Dandamalin basket shi zai fara karyewa.

Sai itatuwa. Gefen gabas bagaruwa ce jere, can ƙasa kuma na ga giyayya biyu. Giyayya ba ta zama inda ruwa ba ya kwanciya. Na duba jikin ƙayoyin da ke tsakiyar filin, duk akwai ledoji da karare da tsummoki maƙale, kuma duk tsayinsu ɗaya, daidai gwiwata. Iska ba ta jera shara a layi. Ruwa ne ya ɗauko su ya rataye, ya tafi ya bar mana sa hannunsa.

Yaya Sani, shimfiɗar nan da ta burge mu ita ce ta tsorata ni. A ƙasar Adar, in ka ga wuri sumul ba dutse ba kwazazzabo, tambayi wanda ya daidaita shi. Galibi ruwa ne, da lakar da yake ajiyewa duk shekara.

Sani Abijan: Ƙanwata, ruwan Tawa nawa yake? Mu nan muke ganin ruwa. Can wata uku ne an gama.

Ramatu Topo: Gaskiya ne Yaya, abin da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Matsalar yadda yake zuwa ce. Sai a yi kwana goma ba ɗigo, rana ɗaya a sauke milimita 50 cikin awa biyu. Milimita ɗaya a kan mita ɗaya murabba'i lita ɗaya ce. Ke nan milimita 50 a kan hekta 3 lita miliyan ɗaya da rabi ce, tano 7,500 na lita 200. Wannan wanda ya faɗo kan filin kawai. Ban sa na tudu ba, wanda faƙo ba ya sha, sai ya gangaro, ban sa na rufin kwanon unguwarmu ba, wanda duk can yake nufa.

Bashir na Alhaji: To madalla. Mahaifina ya ɗauki filin da 'yan lotisma, masu yanka filaye su sayar, suka yi ta zarya a kansa ya ba unguwa don Allah, yau an wayi gari ana cewa tabki ya ba ku. In ba ku so ku faɗa kai tsaye, ba sai an kawo lissafin tano ba.

Mushe Idi: Bashir yi haƙuri. Ba wanda ya taɓa mutuncin Alhaji, kuma ba za a taɓa ba ina cikin gidan nan. Ƙasa ake magana.

Ramatu Topo: Yaya Bashir, Alhaji ubana ne, a gidanku na yi karatun allo. Abin da nake gudu shi ne a rubuta sunansa a ƙofar wuri, bayan damina biyu katanga ta kwanta, mutane su riƙa cewa ga filin Alhaji can da kwaɗi. Wannan ya fi zafi.

Abdu ɗan Kawu Ila: Baba ya ce in rubuta mishi, don ya yi saƙon murya sau uku yana danna wurin da ba shi ba. Ga maganarsa yadda ya faɗa:

"Ku gaida yaran. Ku ce musu wurin ga da suka cewa hili, mu tabki muka tashi muka iske shi. Nan muka koyi iyo, nan raƙuman fatake ka shan ruwa har bayan girbi. Da hwarin 73 ya zo ruwa ya ja baya, na 84 ya ƙarasa shi, sai yaran da aka haihwa bayan nan suka ɗauka tun asali tudu ne. Lokacin samariya mun so mu yi dandali nan, wani tsoho ya hana, muka ji haushi nai. Yanzu ga shi ni ne tsohon. Ɗiyar ga gaskiya ta hwaɗi. Ruwa ko ya shekara talatin bai zo ba, bai mance gidansu ba."

Ya ce kuma a tambayi matan da ke wucewa ta nan zuwa itace, sun fi kowa sanin ranar da hanya ke yankewa.

Hajiya Zali: Kawu ya gama magana. A daminar 2024 kwana tara ba mu bi ta nan ba, sai mun zagaya ta bakin kwalta. Na riƙe lissafin ne don a ciki jikata ta yi zazzaɓi, hanyar likita ta yi mana nisa. A 2020 ma haka, sai dai bai kai wannan ba. Maza ba ku sani ba don da damina kuna gona ko kuna Kodebuwa.

Sani Abijan: Hajiya na karɓi wannan, ta same ni. Amma ai ana cike wuri. Rabin Abijan a kan ruwa aka gina shi. A kawo latarit, wato jar ƙasa, a ɗaga filin, magana ta ƙare.

Ramatu Topo: Ana yi, sai dai mu ƙirga tukuna. Filin ƙwallo shi kaɗai, da ɗan sararin da ake bari a gefe, ya kai mita murabba'i 9,000. In za a ɗaga shi rabin mita kawai, wanda da kyar ya wuce layin sharar da na gani, ana bukatar mita kubik 4,500. Babbar mota mai ɗaukar kubik 10 sai ta yi sawu 450, kuma in aka daddanne ƙasar da inji tana raguwa, sai an ƙara. Ku tambayi kowane direban tifa kuɗin sawu ɗaya ku ninka. Miliyan 14 ɗin za ta shige ƙasa ba a kafa ko raga ba.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Ruwan da ke kwanciya a nan, in muka hana shi wurin, ba komawa sama zai yi ba. Gidajen da ke layin ƙarshe na unguwa yawancinsu na ƙasa ne. Filin nan shi ke karɓar musu ruwa ba su sani ba.

Nuhu Tela: Tsaya. Layin ƙarshe ai har da gidana. Na janye goyon bayana, Sani ka yi haƙuri.

Koci Laminu: To bari in shigo da nawa ɓangaren, don ko ƙasa ta yi kyau in siffar fili ba ta yi ba an yi aikin banza. Filin da ake buga manyan wasanni mita 105 ne a 68. Doka ta yarda a rage, tsawo daga 90, faɗi daga 45, amma in muna so wata rana a kawo mana wasan gasar jiha gara mu yi cikakke. Basket 28 a 15, hand 40 a 20, volley 18 a 9, waɗannan ba su da cin wuri, ana ma iya haɗa su a dandamali ɗaya a ja layuka da fenti daban-daban. Mai cin wuri ita ce hanyar gudu ta mita 400 da ke zagaye fili, tana son kusan mita 177 a 93. Ba yanzu za mu yi ta ba, amma a bar mata wuri, kada jikokinmu su zage mu.

Na auna gonar gadon da taku, Ramatu ta gyara min da mita: faɗinta 80, tsawonta wajen 310, kuma ta miƙe ne gabas da yamma. Hanyar gudu ba ta shiga, wannan ɗaya. Na biyu, dole raga ɗaya ta kalli yamma. Mu kuwa bayan la'asar muke wasa. Duk wanda ya taɓa tsaron gida rana tana faɗuwa cikin idonsa ya san abin da nake nufi, ƙwallo sai ka ji ta a raga kafin ka gan ta. Shi ya sa ake shimfiɗa fili kudu da arewa.

Tanko Bahago: Koci kai ƙwallo kawai ka sani. Gonar gadon nan yashinta ko a arène, babban filin kokowa, sai haka. Na je na murza shi a hannu, laushi kamar gari, ba tsakuwa ko ɗaya. A faƙo kuwa in aka kada yaro sai dai a kwashe shi zuwa wurin mai ɗori. Kuma kada a manta nan Tawa ce. A garin nan aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, ko da yake Kantu na Maraɗi ya tafi da ita. In za a yi gidan wasa a Adar, kokowa ce uwar gida, ƙwallo amarya ce.

Nuhu Tela: Uwar gidan da takobin gasar ƙasa ya sha kwana ba a ɗakinta ba. Isaka Isaka na Doso ya taɓa mai da shi kamar sandar kiwonsa.

Tanko Bahago: Nuhu kai da ko ɗan akuya ba ka taɓa kayarwa ba. Ai don ba mu da wurin horo a unguwanni ne. Filin Hamidin Mai Ɗare guda ɗaya ba zai ishi gari duka ba, yaro ba zai taso daga nan kullum ya je can ba.

Mushe Idi: Jama'a a dawo kan fili. Maganar takobi a bari sai Disamba. Tanko, yashin da'irar kokowa ai ana iya kawo shi da amalanke ko ina aka yi, ba sai an sayi gona dominsa ba.

Malam Hasan: Assalamu alaikum. Na yi shiru ina karantawa. Ni na yi shekaru ina rubuta takardun gonaki a karkara kafin in yi ritaya, don haka bari in faɗi inda nake ganin ƙaya, kuma ba a cikin ƙasa take ba.

Gonar gado tukuna. Wanda ya zo ya ce zai sayar mutum ɗaya ne, magada kuwa na ƙirga goma sha ɗaya, uku mata ne da ke aure a wasu garuruwa, biyu suna Libiya. An raba gadon? In ba a raba ba, sa hannunsa shi kaɗai ba ya sayar da ko taku ɗaya. Ni kaina abin ya taɓa cina. Na sayi parsel da kuɗin da na tara shekara shida, na sauke bulo ɗari biyar, wata safiya na iske wani bawan Allah yana haƙa tushe a ciki, shi ma da takardarsa, hatimi da komai. Ƙanen wanda ya sayar min ne ya sayar masa. Shekara huɗu muna hawa da sauka, bulon nan har ya narke a wurin. Ni da nake rubuta wa mutane takarda ke nan.

Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira Kofo, daga ƙauye har zuwa sama, kuma akwai takardar shaidar mallakar gargajiya, da ta saye, da ta kyauta. A cikin gari kuma maganar tana bi ta ma'aikatar magajin gari da masu kula da filayen gwamnati. Kafin mu fitar da dala ɗaya, a je a duba taswirar gari a ga abin da aka tanadar wa kowane wuri, kada mu gina a wayi gari an ce hanya ce za ta bi.

Har kyautar Alhaji, in an karɓa, a rubuta, 'ya'yansa su sa hannu, mai unguwa da liman su shaida. Bashir kada ka ji wani abu. Alhaji ba zai janye ba, na sani. Amma takarda ba don masu rai ake yin ta ba.

Bashir na Alhaji: Wannan na yarda Malam, mu ma ya fi mana kwanciyar hankali.

Sani Abijan: To na ji. Na ɗaya ruwa, na uku rigima. Saura faƙo. Ramatu me kika gani can?

Ramatu Topo: Wajen gini, shi ne sarki. Marmara ce da tsakuwa, na sa yaro ya gwada da diga, tana tashi da wuta. Tushe ba zai motsa ba, dandamali ba zai tsage ba. Yana da ɗan gangare zuwa kudu, ruwa ba ya kwana. Fili dama ana so ya ɗan karkata, kamar santimita ɗaya a kowace mita, yadda ido ba zai gani ba amma ruwa zai gani. Kuma hekta 5 ta isa a juya filin kudu da arewa yadda Koci ke so, a bar wa hanyar gudu wurinta.

Aibinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Ba a wasa a kan marmara tsirara, sai an kankare tsakuwar an shimfiɗa ƙasa mai yashi a sama, an danne. Ba inuwa ko ta tsuntsu. Hunturu daga arewa maso gabas zai riƙa dukan wurin ba abin da ya tare shi, hadari kuma daga gabas yake taso mana, don haka rufin ɗakin canza kaya sai an ɗaure shi da gaske. Sannan ruwan da zai gangaro daga filin dole a yi masa hanya, in ba haka ba shi zai haƙa tasa, kwazazzabo ya fara cin gefen fili.

Sani Abijan: Ciyawa fa? Mu a hoton da muka nuna wa masu ba da kuɗi kore ne shar.

Ramatu Topo: Yaya ku canza hoton. Filin mita 7,140 ne murabba'i. A zafin Afrilu ciyawa tana son wajen milimita 7 a rana, kusan lita 50,000 ke nan kullum, tano 250. A garin da mata ke kwana layin famfo. Kuma ruwan ƙasa a kan tudun Adar yana da nisa, wani wurin sai an yi ɗaruruwan mita. Abin da za mu nema shi ne ruwan sha, na alwala, na bayi, da na shayar da itatuwa shekara biyun farko. Ƙasa dannanniya ta ishe mu, a kanta duk muka koya.

Hajiya Zali: Ni ga tawa tambayar, kuma ba ta injiniya ba ce. Kun ce dandamalin hand saboda 'yan lakwal ne, yawancinsu 'yan mata. Wace uwa ce za ta bar ɗiyarta ta hau tudun nan bayan la'asar ta dawo da magariba, ba gida ko ɗaya a hanya, ba fitila? Ni ba zan bar tawa ba. Za ku gina wuri mai kyau, samari masu mashin su yi ta zuwa, 'yan mata da ƙananan yara su ci gaba da wasa a lungu cikin kwata. In haka ne a daina cewa na unguwa ne.

Koci Laminu: Hajiya ta taɓo inda ke min ciwo. Yaran da nake horarwa 'yan shekara goma zuwa sha uku ne, rabinsu sai sun kai tallan uwarsu sun dawo. Kilomita biyar zuwa da dawowa, ba za su zo ba. Filin da ba a zuwa, ko da zinariya aka shimfiɗa shi, awaki za su gaje shi.

Mushe Idi: Amma gari yana tafiya can. Ku tuna kafin Tawa Sakola, bikin 18 ga Disamba da aka yi nan a 2017, wuraren da muke cewa daji, yau gidaje ne. Jami'a ma da aka kafa ta ai cewa aka yi ta yi nisa.

Hajiya Zali: Mushe, kafin gari ya isa can jikata ta yi aure.

Jibo Baitari: Ku ba ni dama in ƙara wani abu a kan faƙon. Gefensa na yamma burtali ne. Duk shekara in damina ta kama, dabbobi ta nan suke hawa arewa, bayan girbi su sauko. Turakun da aka kafa wasu sun faɗi, shi ya sa ba ku lura ba, amma makiyaya sun san wurin kamar tafin hannunsu. Dokar makiyaya ta 2010 ta kare irin waɗannan hanyoyi, ba a gini a kansu. Hekta 5 da ake faɗa ina jin da burtalin aka haɗa. A kira wakilin makiyaya ranar awo, ya nuna iyaka da kansa, ya fi a zo daga baya ana neman wanda ya fasa katanga.

Itatuwa kuma kada su ba ku tsoro. Wanda ya ga abin da aka yi a Keita tun daga 1984 ya san faƙo yana farfaɗowa. Ramuka masu siffar rabin wata da jerin duwatsu ne, su tare ruwan, a dasa a ciki. Gayya biyu ta matasan fada ta isa a zagaye filin.

Ramatu Topo: Na gode Kawu Jibo, burtalin ya wuce ni, ban gan shi ba sam. Zan sake awo.

Maganar Hajiya kuma ta sa ni tunani. Wa ya ce dole komai ya zauna wuri ɗaya? Dandamalin hand da basket duka bai fi mita 45 a 25 ba. A filin Alhaji, kusurwar da ke manne da unguwa ta fi sauran tsayi, ban ga layin shara a nan ba, ƙasar ma ta fi ja. Idan awo ya tabbatar, ana iya sa dandamalin 'yan mata da da'irar Tanko a wannan kusurwa, babban fili ya hau tudu, sauran kwarin a bar wa ruwa abinsa. Amma ban ce a yi ba, sai an gwada.

Sani Abijan: Gwajin nan kwana nawa, kuma nawa zai ci?

Ramatu Topo: Na farko ba ya cin komai sai gumi. A haƙa rami biyar a kowane fili, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, zurfin mita ɗaya da rabi, mu ga yadda ƙasa ta jeru. A gefen kowanne a yi ƙaramin rami, a cika shi da ruwa ya tsotse, a sake cikawa, a sa sanda a riƙa duba yadda yake sauka duk rabin awa. Wanda aka dawo washegari aka iske ruwa a ciki ya ba da amsa. A ɗebi ƙasar kowane rami a zuba a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye: yashi zai kwanta nan take, laka ta daɗe tana yawo a sama, kowa ya ga rabonsu da idonsa. Tudu da gangare kuma ko da tiyon magina mai ruwa a ciki ana aunawa, amma zan aro na'ura a wurin aiki. Inda za a zuba dandamali ne kawai nake so a kai samfurin ƙasa labo, wannan shi ne mai kuɗi, kuma bai kai kuɗin gyaran dandamali ɗaya da ya tsage ba.

Gwaji na biyu shi ne ba za ka so ba Yaya. A kafa turakun ƙarfe a filin Alhaji, a yi musu zane da fenti duk santimita goma, a sa yara su ɗauki hoto bayan kowane ruwa. Fili a watan Afrilu kowanne kyakkyawa ne. A Agusta ake ganin halinsa.

Sani Abijan: Agusta! Ramatu kin san abin da kike faɗa? Mutanen nan masu tura baro ne da masu sayar da kofi a bakin titi, jikka biyar-biyar suka haɗa. Na yi musu alkawarin hoton tushe kafin babbar Salla. Kuma kuɗi in suka daɗe a asusu ƙafa suke yi, mun gani a wasu ƙungiyoyi.

Malam Hasan: Sani, takardar neman faƙon ma ba za ta fito kafin Agusta ba, ko da ka tsaya a kanta da sanda. Jiran bai ƙara maka komai ba. Kuɗi kuma a sa hannu uku a kansu, ɗaya daga cikinku na Abijan, Mushe ya riƙa turo hoton takardar banki duk ƙarshen wata.

Sani Abijan: Zan kai musu. Ban ce sun yarda ba. Amma a turo min hoton ramukan, ko su ne in nuna.

Bashir na Alhaji: Na dawo daga wurin Alhaji, na karanta masa duka tun daga sama. Da na zo wurin giyayya sai ya yi dariya, ya ce shi ya taɓa shuka gero a nan sau biyu ruwa ya cinye, daga nan ya koma dawa. Ya ce shi ya ɗauka ƙwallo da rani ake yi. Ya ce a haƙa ramukan, a kafa turakun, amma a rufe ramin da an gama don kada jakin wani ya karye a ce nasa ne. Ramatu kuma ya ce ki zo da kanki ki nuna masa kusurwar, yana ganin ya fi ki sanin inda ruwan ke tsayawa. Ki yi haƙuri da maganata ta ɗazu.

Ramatu Topo: Ba komai Yaya. Gobe bayan la'asar in sha Allah, da mitata.

Hajiya Zali: Bashir, tunda kana kusa da shi, ka tambaye shi sauran kwarin in ba a yi ƙwallo ba ko zai ba mata aro mu yi lambun rani. Lakar da ta ƙi siminti ai ba ta ƙi albasa ba.

Nuhu Tela: Hajiya an zo rabon fili kin tafi da kashi biyu cikin uku.

Mushe Idi: Wannan maganar ta Hajiya da Alhaji ce, ba ta kwamiti ba. Ga abin da na rubuta: Asabar da sassafe, ƙarfe shida da rabi, haƙa a filin Alhaji, Lahadi a faƙo. Gonar gado an dakata sai magada sun kawo takardar rabo. Malam Hasan da ni za mu je duba taswira ranar Litinin. Jibo zai nemo wakilin makiyaya. Koci ka zo da manyan yaranka, ba ƙanana ba. Muna da shebur huɗu, diga ɗaya ce tak, kuma faƙon nan ba zai ji diga ɗaya ba. Wa ke da ita?

Tanko Bahago: Ina da biyu, ɗaya ba ƙota. Ruwan gwajin fa, wa zai kai tano kan tudu?

Abdu ɗan Kawu Ila: Baba ya ce a ɗauki amalankensa, amma jakin ba ya fita kafin ya ci.